Sunan da Makaleka Ta Raɗa

Duk macen da ta taɓa riƙe allura a kwarin Waipuna ta san ba a shanya bargo fuska waje. In kin wanke bargonki, kifa shi za ki yi a kan igiya, bayansa ya kalli hanya, domin surar da kika yanka kika ɗinka a kai, wadda muke kira lau, taki ce ke kaɗai, kuma matan kwarin nan kallo ɗaya ya ishe su su tafi da ita a ka. Makaleka ta san haka tun kafin ta iya zura zare a allura. Duk da haka, wata Asabar da rana ta fito bayan kwana tara ana ruwa, ta ɗauko bargon da ta shekara biyu tana ɗinkawa, ta baza shi a igiyar ƙofar gida fuska waje, ta koma baranda ta zauna tana taje kai.

Ba mantuwa ta yi ba. Gidan Lahapa yana tsallaken rafi, ƙofarsa na kallon igiyar, kuma so Makaleka take Lahapa ta gani ta kasa haɗiye poi ɗinta na rana, wato tuwon gwazarmu.

Abin ya samo asali tun suna 'yan mata. A tabarma ɗaya suka koyi ɗinki wurin Kawehi, mahaifiyar Makaleka. Lahapa 'yar maƙwabta ce kawai, amma hannunta ya fi kyau, tsohuwar kuma ba ta iya ɓoye abin da ta gani ba. Sai ta ɗaga ɗinkin Lahapa ta nuna wa 'yar cikinta, ta ce, "Dubi yadda ake yi." Makaleka ta haɗiye wannan shekara da shekaru. Wata biyu kafin Kawehi ta rasu, ta ninke koren yadi ninki takwas, ta bi shi da almakashi, ba ta zana komai ba. Da ta gama, kafin ta buɗe, ta ɗago kai ta ce, "Lahapa, ɗebo mini ruwa a rafi." Lahapa ta fita. Aka buɗe yadin, sai ga ganyen gwaza takwas sun haɗa kai a tsakiya, kowanne da ɗigon ruwan sama kwance a cikinsa. Kafin Lahapa ta dawo an ninke an rufe a akwati. Ta ajiye ƙwaryar ruwan, ta dubi akwatin. Shekara ashirin yadin ya yi a rufe, don Makaleka na tsoron hannunta, kafin ta yi ƙundumbala ta ɗinka shi.

To ran wannan Asabar Lahapa ta sauko rafi wankin akushi. Ta tsaya a kan dutse, akushin a hannu, ruwa na bin ƙafarta. Ta daɗe a tsaye.

Makaleka ta ɗaga murya daga baranda. "Lahapa, akushin ne ya ƙi wankuwa?"

"Ɗinkinki nake kallo," in ji Lahapa. "Can gefen hagu kamar kaza ta bi ta kai."

"Daga nan kike hango sawun kaza? Ashe idon bai mutu ba."

"Bai mutu ba kam."

Baƙi in suna maganar abin da ke cin su ƙirji suke dafawa. Mu a hanji muke ajiye namu, ƙauna da kunya da fushi duka. Kishi kuwa, lili muke ce masa, in ya shiga hanjin mutum ba ya ihu. Murɗawa yake a hankali, mai shi na dariya ana hira da shi. Makaleka ta ga ya shiga Lahapa, ta ji daɗi har cikin ƙashinta, ta sauke bargon kafin azahar ta ninke.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka Kahu Naone, faston cocinmu, ya tsufa zai koma garinsu a tsibirin Maui. Ran taron sabuwar shekara aka yi masa bankwana, kowane gida ya kawo abin da ya samu, busasshen kifi, tabarma, hular saƙa. Da aka zo kan Lahapa, ta sa mata biyu suka kama gefe suka buɗe. Ja ne a kan fari. Ganyen gwaza takwas, sun haɗa kai a tsakiya. Ɗigon ruwan kawai ta matsar daga cikin ganye zuwa bakinsa, don in an yi magana ta sami abin faɗa. Ɗinkin kuwa, gaskiya ɗaya ce, kwarin nan bai taɓa ganin irinsa ba, layi na bin layi ba ka ganin inda allura ta shiga. Matar Kahu ta shafa shi da bayan hannu ta ce, "'Yata, ina kika samo wannan lau?"

"A mafarki aka nuna mini, Uwa," in ji Lahapa.

Wannan ce ta fi satar zafi. A wurinmu abin da aka ba ka a mafarki magabatanka ne suka aiko, ba mai ja da shi. Da kalma ɗaya Lahapa ta ɗauke lau ɗin daga hannun Kawehi ta miƙa wa matattun gidansu.

Makaleka ta jira aka fito, ta tare ta a ƙofar coci gaban mata.

"A mafarki kika ce?"

"A mafarki."

"A gindin igiyata kika yi barcin?"

Wasu suka rufe baki suna dariya. Lahapa ta gyara hularta ta ce, "Ganyen gwaza ya cika kwarin nan, Makaleka. Ba gidanku aka fara shuka shi ba. In kuma kina tsoron ido, 'yar shekara biyar ta san yadda ake shanya bargo." Sannan ta matso kamar za ta gyara mata wuyan riga, ta yi ƙasa da murya yadda ita kaɗai za ta ji. "Tsohuwar nan ta yanka abin da ya fi ƙarfin hannunki. Ni na ɗinka mata shi yadda take so."

Ranar Laraba jirgin ruwa ya ɗauki Kahu da matarsa da bargon. Duk Maui za su san shi da sunan Lahapa. A kwari kuwa magana ta rabu biyu, kuma rabin da ya fi yawa cewa yake laifin mai shanyawa ne. Makaleka ta daina zuwa zaman ɗinkin mata. Ta rame, ta yi shiru, wanda bai san ta ba sai ya ce ta haƙura.

Tun kafin rigimar nan, ɗan Makaleka tilo, Kimokeo, ya auri Luika 'yar Lahapa, kuma a lokacin Luika na da ciki wata biyar. Al'adarmu ce, ɗan fari in namiji ne kakanninsa na wajen uba suke ɗauka su raina, in mace ce ta tafi wajen uwar uwa. Makaleka ce ungozomar kwarin tun mutuwar mijinta. Wata huɗu ta yi tana roƙon Allah a haifi mace, Allah ya gafarta mata.

Da hantsi aka haihu, mace. Lahapa na riƙe da kan 'yarta tana share mata gumi, Kimokeo na bakin ƙofa, mata uku na dafa ruwa. Makaleka ta ɗaure cibiya ta yanke da wuƙar gora, ta ɗaga jaririyar sama, kafin kowa ya buɗe baki ta ce a fili, sau uku, "Kaʻaihue."

Ɓarauniya ke nan, ba wata ma'ana.

Kakanninmu sun yi irin wannan, ba Makaleka ta ƙago ba. In an yi wa gida cin fuskar da ba ta ramuwa da hannu, sai a ɗora ta a kan jariri ta zama suna, duk kiran da aka yi masa mai laifi ya ji a jikinsa. An daɗe ba a yi ba, amma kowa a ɗakin ya san dokar: sunan da tsohuwar gida ta furta a kan ɗanyar cibiya ya zauna. Wadda ta raɗa ce kaɗai za ta iya yanke shi, da addu'a da ruwan gishiri, in jariri ne iyayensa su amsa masa, in ya yi hankali shi da bakinsa ya ce ya saki.

Luika ta fashe da kuka. Kimokeo ya shigo yana cewa, "Mama, jikarki ce fa. Jininki ce."

"Na sani, ni na karɓe ta." Makaleka ta naɗe jaririyar ta miƙa wa Lahapa hannu biyu. "Ga taki, surukata, bisa al'ada. Ki yi ta kiranta safe da yamma. Ranar da kika tsaya a ƙofar coci kika gaya wa jama'a lau ɗin nan na uwata ne kuma sata kika yi, a ranar zan yanke sunan. Ina da wani a ajiye mai kyau."

Lahapa ta karɓi jaririyar. Ta ce, "Ki tanadi ruwan gishirinki, zai daɗe."

Kimokeo ba mai iya tsayawa tsakanin mata biyu ba ne. Kafin a yaye yarinyar ya sami aikin dako a tashar jiragen Honolulu, ya kwashi matarsa suka tafi, sai wasiƙa sau biyu a shekara. Yarinya ta zauna gun Lahapa.

Lahapa ta rantse sunan ba zai fita daga bakinta ba. "Yarinya" take cewa, ko "'yar nan", ko ta tafa hannu. Amma baki ɗaya ne da ita, kwari kuwa na da ɗari biyu. Masunta suna kiransa, yara suna kiransa, magatakardan coci ya rubuta shi a littafi. Kullum da yamma, in rana ta faɗa bayan tsauni, Makaleka takan fito baranda ta haɗa hannu a baki ta ja sunan yadda zai bugi bangon dutse ya dawo. Sai ka ga Lahapa a cikin gwazarta ta tsaya cak, sunkuye, har amon ya mutu. Yarinyar kuma ta tsallako rafi da gudu, don a gidan Kaka Makaleka akwai jatan lande da gishiri, akwai mangwaron da aka ɓoye mata a tukunya.

Kada a ce Makaleka ba ta son jikarta. Tana sonta ƙwarai. Ita ke cire mata ƙaya a ƙafa, ita ke shafa mata man kwakwa a gashi, in zazzaɓi ya kama ta ba ta iya cin abinci. Sai dai son bai taɓa hana ta fitowa baranda ba.

Muna da kalma biyu ga mutumin da ya ɗaga kai. Haʻaheo ta wanda ya ɗaga don abin da ya gada ko ya haifa ce, ba laifi a cikinta, har a waƙar yabo ake sa ta. Hoʻokano ta wanda ya ɗaga don ya hango tsakar kan mutane ce. Makaleka ta tabbata nata na farkon ne, sunan uwarta take karewa, na Lahapa kuma na biyun. Da ka tsallaka rafi ka tambaya haka Lahapa za ta gaya maka, sunayen kawai za ta juya. Mu da muka zauna da su duka biyu har yau ba mu gama rabewa ba.

Yarinyar na shekara bakwai aka sa ta makaranta. Malamar baƙuwa ce, ba ta jin harshenmu, ta tambayi ma'anar sunan kowa don ta saba da su, yara kuma suka gaya mata suna tuntsira dariya. Sati uku bayan haka almakashin aji ya ɓace. Jakar mutum ɗaya aka zazzage a gaban kowa, aka sa ta buɗe baki, aka laluba gashinta. Washegari aka tsinci almakashin a bayan kabad. Ba wanda ya ce mata yi haƙuri.

Ba gida ta nufa ba ran da abin ya faru. Ta tsallako rafi rigarta a jiƙe, ta tsaya gaban Makaleka da ke dakan poi. Ba ta kuka.

"Kaka, me na sata?"

Makaleka ta ajiye dutsen daka. "Ba ki saci komai ba, 'yar lele."

"To don me ake kirana haka?"

"Ba da ke ake ba."

"Ni ce nake amsawa."

Makaleka ta wanke hannu, ta kama yarinyar, ta tsallaka rafin da ta shekara bakwai ba ta tsallaka ba. Duk wanda ya gan ta ran nan ya ɗauka an gama, za ta je ta ce a kawo ruwan gishiri. Ita ma wataƙila da niyyar ta fito. Amma da ta ga Lahapa zaune a tabarma da allura a hannu, wani sabon bargo a cinya, ɗinkin nan nata mai kama da ba hannu ya yi ba, sai abin da ta zo faɗa ya canza a baki.

"Kin ga abin da taurin kanki ya ja wa yarinya? Yau an laluba ta kamar ɓarawon kaji. Kalma nawa ce, Lahapa? Numfashi ɗaya a ƙofar coci."

Lahapa ta jawo yarinyar ta zaunar a gefenta. "Ni na raɗa mata?"

"Ke kika yi satar."

"Wuƙar yankewa na hannunki. In tausayinta ne ya kawo ki, ga teku can, ɗebo."

"Sai kin faɗa."

"To koma gida, kada poi ɗinki ya bushe."

Duk wannan a kan yarinyar suka yi shi, tana zaune tsakaninsu tana duban wannan ta dubi waccan. Makaleka ta koma. Da yamma ta fito baranda bisa sabo, amma kafin ta haɗa hannu a baki sai ta ji an riga ta. Lahapa ce tsaye a ƙofar gidanta, ta ja sunan da ƙarfi har karnuka suka amsa, alhali yarinyar na gefenta. Daga ranar Lahapa ta ɗauki sunan ta riƙa kiransa a gona, a coci, a bakin teku, kai a ɗage, kamar sunan sarauta. Ta kuma ba yarinyar allura.

Kaʻaihue ta rage tsallako rafi, sannan ta daina. In Makaleka ta kira, takan amsa da ladabi daga can, "Na'am, Kaka," amma ba ta zuwa. Mangwaro ya riƙa ruɓewa a tukunya. A makaranta ta koyi zama a bencin gaba hannuwanta a kan tebur inda kowa ke gani. Ba ta aron komai, ba ta shiga gidan kowa in mai gidan ba ya nan. Ta girma doguwa, mai shiru, hannunta a ɗinki ya kama hanyar wuce na Lahapa.

Kwarin ma ya canza. Tsofaffin da suka ga jan bargon nan a coci suka mutu ɗaya bayan ɗaya, samari suka bi jirgi, aka auro mata daga wasu tsibirai. Sabon Kahu, wato sabon fasto, ya zo, saurayi. Makaleka ba ta lura da wannan ba, ita a wurinta taron sabuwar shekarar nan jiya aka yi shi.

Yarinyar na shekara goma sha huɗu ciwo ya kwantar da Lahapa. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya gajarce, kowa ya san inda aka dosa. Wata Asabar da safe Kaʻaihue ta tsallako rafi, ta tsaya a ƙasan baranda ba ta hau ba.

"Kaka Lahapa ta ce gobe ki zo coci da wuri."

Makaleka ta yini tana shiri. Ta sauka teku ta ɗebo ruwa a kwalba. Ta fito da baƙar doguwar rigarta ta goge, ta kakkaɓe hular uwarta mai ɗaurin gashin tsuntsu. Ta yi ta maimaita addu'ar yankewa don kada harshenta ya sarƙe.

Maza huɗu suka kawo Lahapa a kan kujera, suka ajiye ta a ƙofar coci, daidai inda ita da Makaleka suka tsaya shekara goma sha huɗu da 'yan watanni da suka wuce. Ta rame har hular ta yi mata yawa. Jama'a suka taru. Ta ɗaga hannu aka yi shiru, ta yi magana tana hutawa tsakanin kalmomi.

"Bargon da na ba Kahu Naone, lau ɗinsa ba nawa ba ne. Kawehi ce ta yanka wa 'yarta Makaleka. A igiya na gani na ɗauka. Ban yi mafarkin komai ba. Sata na yi, na ƙara da ƙarya a ɗakin Allah."

Wata amarya a bayan Makaleka ta taɓa ta kusa da ita ta ce a hankali, "Wane bargo?" Waccan ta ɗaga kafaɗa.

Makaleka ta ji su, bai dame ta ba. Ta ji daɗi, kada wani ya gaya muku ba ta ji ba. Abin da ya shekara goma sha huɗu a ɗaure cikin hanjinta ya warware, har ta ji yunwa. Ta dubi Lahapa daga sama har ƙasa, ta ce, "Kin daɗe a hanya, surukata, amma kin iso." Ta cire murfin kwalba, ta juya ga yarinyar fuskarta cike da fara'a. "Zo, 'yar lele, sunkuya. Yau zan sauke miki. Sunan uwata na ajiye miki tun ran da aka haife ki. Daga yau ke ce Kawehi. Ce kin saki."

Yarinyar na tsaye bayan kujera, hannunta a kafaɗar Lahapa. Ba ta motsa ba.

"Ban saki ba, Kaka."

Makaleka ta yi 'yar dariya. "Ba ki gane ba. Cewa za ki yi kin saki tsohon."

"Na gane. Ban saki ba."

Lahapa ta kama hannunta. "'Yata, don ke na sa aka ɗauko ni. Bari a yanke in gani kafin in tafi."

"Ke ma da kin so, da tun ina goye kin sa an yanke," in ji yarinyar, ba ta ɗaga murya ba. "Amma kin biya yau, na ji." Ta dubi Makaleka. "Ran da aka zazzage jakata na zo gunki. Kin tuna? Teku na nan inda yake yau, kwalba ma kina da ita."

"Ba da ke nake ba, na gaya miki tun a lokacin."

"Ni na amsa shi shekara goma sha huɗu, ya zama nawa. Kaka, kin lura ba wanda ya taɓa tambayata wa ya yi sata? Kowane baƙo ya ji sunana abu ɗaya yake tambaya, wace ce ta dubi jaririya ta raɗa mata wannan. Da ina cewa ban sani ba, don kunyarki. Yanzu zan riƙa faɗa. In na je Honolulu zan faɗa, in na haihu 'ya'yana za su ɗauke shi a bayan sunansu, su ma a tambaye su."

Sabon Kahu ya yi gyaran murya zai sa baki, wani tsoho ya riƙe masa hannun riga ya girgiza kai. Doka ce, kuma Makaleka ta fi kowa saninta.

Kaʻaihue ta ce wa mazan su ɗaga kujerar, rana ta yi wa kakarta zafi, gida za su. Suka ɗaga. Ta bi gefensu tana riƙe da hular Lahapa kada iska ta ɗauke, suka gangara hanyar rafi. Jama'a suka fara shiga coci ɗaya ɗaya, kowa na kewaye Makaleka ba ya kallonta.

Ta bi masu kujerar da taku uku, kwalbar na tsiyaya a rigarta.

"Kawehi," ta kira.

Yarinyar ba ta waiwayo ba.

"'Yar lele. Jikata."

Sun kusa kwanar gonar gwaza. Makaleka ta san sarai sunan da in ta kira za a tsaya a ce na'am, yarinyar ba ta taɓa ƙin amsa shi ba. Shekara goma sha huɗu tana jefa shi tsallaken rafi kowace yamma, bai taɓa yi mata nauyi ba. Ta haɗa hannu a baki yadda ta saba, ta ja numfashi. Ta tsaya a haka har kujerar ta sha kwana.